Yadda Ake Koyar da Wasan Romeo da Juliet a Ajin Sakandare

Wannan bayani na sabon malamin adabin Turanci ne da aka miƙa wa Romeo da Juliet aka ce ya shiga aji da shi, ko don yana cikin tsarin karatun makarantar, ko don ƙungiyar wasan kwaikwayo ta zaɓe shi. Na koyar da shi a makarantun nan na Zariya, na maza da na mata da na haɗaka, kuma abin da na ga yana ci shi zan faɗa maka. Abu biyu nake so ka riƙe tun daga farko. Wasa ne, don haka a tsaye ake koyar da shi. Sannan ƙashin bayansa gabar manya ce da ta cinye 'ya'yansu. In ka shiga da shi a matsayin labarin soyayya zalla, yara za su yi ta ƙyalƙyala dariya, iyaye su yi ƙorafi, darasin kuma ya wuce su.

William Shakespeare (1564 zuwa 1616) ya rubuta shi wajen shekarar 1595, aka fara buga shi a 1597. Labarin a Verona ta ƙasar Italiya yake faruwa. Iyakar tarihin da yara ke buƙata a ranar farko ke nan.

Kayan aiki

Littafin shi ne kan gaba. Nemi bugun da ke da sharhi a gefe ko a ƙasan shafi, wanda kuma aka sa wa layukansa lamba, domin da lambar ce za ka ce “kashi na 3, fitowa ta 1, layi kaza” kowa ya buɗe wuri ɗaya. Zagaya shagunan littattafai na Sabon Gari da Samaru, har da masu sayar da na hannu. In yara ba su da halin saya, matanin wasan yana nan kyauta a intanet. Buga fitowar da za a yi a makon kawai, a yi fotokwafi, takarda ɗaya ga kowane benci. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ƙananan littattafan taƙaitawa su zama su ne littafin. Yaron da ya haddace taƙaitawa, da an ɗora masa layi huɗu na ainihin wasan sai ido ya raina fata.

Sauran kayan ba su da tsada:

- Kwali babba guda biyu da za a manna a bango. In babu, ware gefe ɗaya na allo ka hana a goge.
- Ƙyalle kala biyu, ragowar yadi daga wurin tela ya isa, a ɗaura a damtse.
- Karan dawa a madadin takobi. Ban da sanda, ban da rular ƙarfe.
- Tebur mai ƙwari wanda mutum zai iya tsayawa a kai.
- Littafin rubutu na daban ga kowane ɗalibi.
- Waya da ƙaramar sifika in akwai. Rashinsu ba ya hana komai.

1. Karanta shi kai kaɗai, da fensir a hannu

Wasan kashi 5 ne, fitowa 24. Ba za ka iya karanta kowane layi da aji a darasin minti 40 ba, kuma ba a bukatar haka. Ka zaɓi inda za a yi zango: gabatarwa, faɗan farko (1:1, wato kashi na 1, fitowa ta 1), liyafa (1:5), lambu (2:2), kisan Mercutio da Tybalt (3:1), fushin Capulet mahaifin Juliet (3:5), shan maganin (4:1 da 4:3), da hubbare (5:3). Sauran ka ba da labarinsu da bakinka, ko ka ba su su karanta a gida. Mako takwas zuwa goma sun isa, in ana haɗuwa sau biyu ko uku a mako.

Yayin da kake karantawa, sa alama a wuraren batsa. Suna nan a bakin barorin Capulet a buɗewar wasan, da bakin Mercutio, da na matar da ta reni Juliet. Yawancinsu a lulluɓe suke cikin tsohon Turanci, amma wasu bugun suna fayyace su a sharhi. Ka san inda suke tun kafin yaro ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, me wannan ke nufi?” In ya tambaya, ce masa raha ce ta rashin kunya, irin halin mai maganar ke nan, ku wuce. Kada ka yi masa ƙarya.

2. Sanar da shugaban makaranta

Kafin darasin farko, je ka faɗa masa abin da ke cikin wasan: auren ɓoye, kisa, da kashe kai. Faɗa masa yadda ka tsara, da cewa namiji da mace ba za su taɓa juna ba. Ranar da wani uba ya zo da tambaya, a tarar ofis ya riga ya sani.

3. Shiga ta ƙofar gaba

Ranar farko kada a buɗe littafi tukuna. Tambaye su: kun taɓa ganin gida biyu da ba sa ga-maciji, har yaran gidan sun gaji gabar ba su san mafarinta ba? Za ka ga hannuwa sama. Bari su yi magana minti goma, bisa sharaɗin ba kiran suna.

Sai ka karanta musu gabatarwar, waƙa ce mai ɗango 14. A cikinta an riga an fasa ƙwai: gida biyu masu daraja ɗaya, tsohuwar gaba, 'ya'yansu biyu za su so juna su mutu, kuma mutuwarsu ce kaɗai za ta binne rigimar. Wasu malamai kan ɓoye ƙarshen don kada su rage wa yara daɗi. Kada ka yi haka, marubucin da kansa bai ɓoye ba. Da yaro ya san inda za a ƙare, sai hankalinsa ya koma kan yadda aka yi aka kai can, wanda shi ne darasin. Ka ba su aikin da za su riƙe har ƙarshen zango: duk wanda ya gano inda aka faɗi dalilin gabar ya kawo. Ba za su samu ba, don ba a faɗa ko'ina ba. Ranar da suka gane haka da kansu, rabin aikinka ya kammala.

Gargaɗi mai nauyi a nan. Kada ka kwatanta Montague da Capulet da wasu gidaje na gaske, ko unguwanni, ko ƙabilu, ko addinai, ko ɗariƙu. Zariya gari ne da kowa ya san asalin kowa, ajinka kuma ya tara ɗan Birni da ɗan Tudun Wada da ɗan Sabon Gari. Kalma ɗaya za ta iya bin yaro har gida. Gidan jan ƙyalle da gidan shuɗin ƙyalle sun wadatar.

4. Manna kwalaye biyu a bango

Na farko na dangantaka ne. Gefe ɗaya Montague da matarsa, ɗansu Romeo, da ɗan'uwansa Benvolio. Ɗaya gefen Capulet da matarsa, 'yarsu Juliet, mai renonta, da Tybalt, ɗan ɗan'uwan mahaifiyarta. A tsakiya Sarki Escalus da danginsa biyu, Mercutio abokin Romeo da Paris mai neman auren Juliet, sai Fada Laurence, malamin coci. Yara sukan ɗauka Mercutio ɗan gidan Montague ne. Gyara wannan tun da wuri. Duk wanda ya mutu a ja masa layi a kan kwalin. Za su kai shida: Mercutio, Tybalt, Paris, Romeo, Juliet, da mahaifiyar Romeo da baƙin cikin korar ɗanta ya kashe.

Na biyu na kwanaki ne, kuma a fanko za ka manna shi, yara su riƙa cikewa. Lahadi da safe faɗa, da dare liyafa da haɗuwa. Litinin aure, kisa, kora. Talata da asuba Romeo, da aka kora daga Verona, ya tafi garin Mantua, da dare Juliet ta sha magani. Laraba da safe a tarar da ita kamar gawa. Wajen Alhamis komai ya ƙare. A waƙar Arthur Brooke ta 1562, inda Shakespeare ya ɗauko labarin, watanni aka ɗauka. Shi ne ya matse shi cikin 'yan kwanaki, ya kuma rage shekarun yarinyar ta koma ba ta cika 14 ba. Idan kwalin ya cika, yara da kansu ke cewa, “Malam, ai ko mako ba su yi da sanin juna ba.” Nuna musu kuma cewa a safiyar Lahadin nan Romeo kukan wata Rosaline yake yi.

5. Sassauta musu Turancin

Rubuta 'yan kalmomin da ke yawan dawowa a shafin farko na littafin rubutunsu: thou da thee, wato kai ko ke, thy, naka ko naki, art, hath, doth. Ƙara wherefore, wadda ke nufin “don me”. Kusan kowane aji na ɗauka Juliet neman inda Romeo yake take yi a fitowar lambu, alhali ba ta ma san yana wurin ba. Tambaya take don me ya zama Romeo, ɗan gidan abokan gaba.

Kowane yanki sau uku ake bin sa. A karanta da ƙarfi, ana tsayawa a aya da waƙafi, ba a ƙarshen layi ba. Sai wani ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa, ko da sauƙaƙan Turanci saboda waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. Sai a sake karantawa, yanzu da murya irin ta mai fushi ko mai tsoro. Kada ka mai da darasin fassara daga farko har ƙarshe, da Turanci za su rubuta jarrabawa.

Game da karin waƙar, abu kaɗan ya isa: yawancin layukan gaɓa goma ne, mai sauƙi na bin mai nauyi. Sa su buga a kan benci. Yaran da suka saba rera ƙasidu a Islamiyya nan da nan suke kamawa.

6. Tashe su tsaye

Tura bencina baya, ko ku fita ƙarƙashin darbejiya in ajin ya cika. Fara da faɗan farko. Baran Capulet ya ciji babban yatsansa yana kallon barorin Montague, wanda a wurinsu tamkar daƙuwa ce, yana kuma ta kame-kamen ko da su yake ko ba da su ba. Yara suna jin daɗin wannan ƙwarai. Daga barori sai Benvolio da Tybalt, sai mutanen gari, sai tsofaffin da kansu suna neman takobi matansu na riƙe su, sai Sarki ya zo ya ce karo na uku ke nan, wanda ya sake a bakin ransa. A yi faɗan a hankali, kara ba ya taɓa jiki, kuma da ka tafa kowa ya daskare inda yake.

A makarantar maza zalla ko mata zalla, kada rabon matsayi ya dame ka. A zamanin Shakespeare mata ba sa hawa dandamali a Ingila, yara maza ne ke fitowa a matsayin mata, har Juliet. Faɗa musu wannan, kunyar sai ta ragu. A makarantar haɗaka, ko dai mace biyu su karanta Romeo da Juliet, ko a bar taku uku tsakanin masu karatun. Inda aka rubuta sumba, mai ba da labari ya karanta a wuce. Ka riƙa sauya masu matsayin a kowace fitowa. In ka bar yaro ɗaya da yarinya ɗaya a kai, sunan zai bi su har su bar makarantar.

A fitowar liyafa, sa su ƙirga layukan maganar farko tsakanin masoyan: 14 ne, da tsarin amsa-amo irin na gabatarwa, su biyu suka haɗu suka gina waƙa ɗaya. Ka kuma tsaya kan abin da ake yawan tsallakewa: da Tybalt ya gane Romeo ya nemi tada fitina, Capulet ne ya tsawata masa, har ya ce garin na yabon yaron da natsuwa. Ajiye wannan, zai yi amfani a gaba. A fitowar lambu, Juliet ta hau tebur. Tambaye su wa ya fi hankali a cikin biyun. Ita ce ta ce abin ya yi sauri da yawa, ita ce kuma ta kawo maganar aure.

Za a tambaye ka, “Malam, aure ba waliyyi ba sadaki?” Amsa ita ce al'adarsu da addininsu daban, amma ko a wurinsu auren ɓoye ne, shi ya sa aka ɓoye. Fada Laurence ya yarda ne da fatan auren zai sasanta gidajen, nan take kuma ya gargaɗi Romeo cewa mai gudu shi ke tuntuɓe. Nemi karin maganar Hausa da ta yi daidai. “Sauri ya haifi nawa” ba ta daɗewa ba ta fito ba.

7. Daɗe a kashi na uku

In lokaci ya ƙure maka, rage ko'ina amma ban da nan. Benvolio ya buɗe fitowar da cewa rana ta yi zafi, jini na tafasa, a koma gida. Tybalt ya zagi Romeo, Romeo ya ƙi faɗa don bai daɗe da auren 'yar'uwarsa ba. Mu masu kallo mun sani, Mercutio bai sani ba, sai ya ɗauka ragwanta ce ya zare takobi. Romeo ya shiga rabo, aka soki Mercutio ta ƙarƙashin hannunsa, ya mutu yana tsine wa gidajen biyu. Tafa a nan. Kowa ya daskare, ka tambayi aji: me ya rage wa Romeo ya yi? Sarki ya riga ya yanke hukuncin kisa ga mai tada faɗa, da ya haƙura doka ce za ta kama Tybalt. Samarin ajin za su ce namiji ba ya barin jinin abokinsa. Kada ka yi musu wa'azi. Mai da su kan kwalin bango su bi abin da ramuwar da Romeo ya yi, wato kashe Tybalt, ta jawo, ɗaya bayan ɗaya.

Sai fitowa ta 5. Kafin a karanta, koma 1:2 inda Capulet ya ce wa Paris yarinyar ta yi ƙanƙanta, a ƙara shekara biyu, kuma sai da yardarta. Yanzu ga shi ya sa ranar Alhamis, da ta ƙi ya ce ko ta yarda ko ta bar masa gida ta yi bara a titi. Ga yadda nake yi: ɗalibai uku su tsaya a jere, uba, uwa, mai reno. Mai karanta Juliet ta je gaban kowanne da roƙonta. Uban ya gama faɗa ya juya baya. Uwar ta ce kada ta ƙara yi mata magana, ta juya baya. Mai renon, wadda ta san da auren farko, ta ce gara ta auri Paris, ita ma ta juya. Yarinyar ta rage ita kaɗai tana kallon ƙeya uku. Ajin da ke hayaniya yakan yi tsit a nan, musamman 'yan mata.

Yi wa Capulet adalci: bai san ta yi aure ba, a zatonsa kukan Tybalt take yi, yana nema mata abin da zai ɗebe mata kewa. Maganar auren dole za ta taso, wasu su kawo hadisin neman izinin budurwa, wasu su kawo abin da suka gani a finafinan Hausa. Bar su, amma kada ka tambayi kowa abin da ke faruwa a gidansu.

8. Ƙarshen, da maganar kashe kai

Bi sarƙar da su dalla-dalla. Maganin da Fada Laurence ya ba Juliet don ta kuɓuta daga auren Paris zai sa ta zama kamar gawa na awa 42. Capulet ya matso da bikin daga Alhamis zuwa Laraba. Fada John da aka ba wasiƙar da za ta bayyana wa Romeo shirin an kulle shi a gida bisa zargin annoba, abin da duk yaron da ya ga kullen korona na 2020 zai gane. Balthasar, baran Romeo, ya riga kowa isa Mantua da labarin mutuwar Juliet. Romeo ya sayi guba a hannun matalaucin mai magani. A hubbaren ma ya lura leɓɓanta da kumatunta ba su kwashe ba, bai tsaya ba. Fada ya ji motsin masu gadi ya gudu ya bar ta.

Wannan fitowar a zaune ake karanta ta. Ba kwalba, ba wuƙa, ba kwaikwayon yadda aka yi. Faɗa musu ƙarara cewa kashe kai haramun ne a Musulunci da Kiristanci, kuma a cikin wasan ma, a 3:3, Fada ya yi wa Romeo kaca-kaca lokacin da ya zare wuƙa zai soki kansa. Kada ka bari a tashi da tunanin cewa wannan ita ce soyayyar gaskiya. Ka kuma sa ido. In wani ɗalibi ya rubuta ko ya furta cewa shi ma ya gaji da rayuwa, kada ka ɗauka wasa ne, kada kuma ka yi masa alkawarin rufa asiri. Zauna da shi a ranar, ka sanar da malamin ba da shawara ko shugaban makaranta, a nemo iyaye, a kai ga likita in ta kama.

9. Zaman fada

Ware darasi biyu a jere. Ɗalibi ɗaya Sarki, huɗu 'yan majalisa, sauran a raba su: masu ƙara da masu kare Capulet, Montague, Fada Laurence, mai reno, Tybalt, da Romeo. Doka ɗaya ce: ba a karɓar magana sai da kashi da fitowa da layi. A nan ne yabon da Capulet ya yi wa Romeo a liyafa ke dawowa, wani ya ce da an faɗa masa gaskiya wataƙila da ya yarda. Wani zai tuhumi Sarkin kansa, kuma yana da hujja, don a ƙarshe ya amsa cewa kau da kan da ya yi ya jawo masa asarar dangi biyu. Wani zai ce ƙaddara ce, gabatarwa ma ta ɗora wa taurari. Karɓi wannan da girmamawa, sannan ka tambaye shi a wane wuri ne wani babba yake da damar tsayar da abin bai tsayar ba. Kada ka faɗi naka hukuncin sai majalisa ta gama.

10. Rubutu, jarrabawa da kallo

WAEC kan tambayi wasan Shakespeare ta hanyar ɗauko yanki: wa ya faɗa, wa ake faɗa wa, a ina, me ya faru kafin nan, me ya biyo baya. Wasan da ake sawa yana sauyawa bayan 'yan shekaru, don haka duba manhajar bana. Ko ba wannan ba ne, horon ɗaya ne. Ƙarshen kowane mako rubuta layi huɗu a allo, minti biyar, su amsa waɗannan tambayoyin. Sunaye a rubuta su yadda suke a littafi. Aikin gida da ya fi ba ni sakamako shi ne su rubuta wasiƙar da Fada ya aika wa Romeo wadda ba ta isa ba, domin sai wanda ya fahimci shirin duka zai iya.

Fim sai bayan an gama karatu, kuma sai ka kalla kai kaɗai tukuna. Na 1968 yana da wurin tsiraici, na 1996 kuma ya mai da takubba bindigogi. Yankin faɗa kawai nake nunawa. In da hali, nemi izini ka kai su dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wanda aka gina a fili da ɗakunan ƙasa kamar gidan Bahaushe, su ga ana wasa ba labule ba tarkace.

In an ce ku nuna wani abu ranar raba kyaututtuka, minti 25 ya isa: gabatarwa, faɗan farko, kisan Mercutio, bayan nan a tsallaka zuwa isowar Sarki hubbare da musabahar Capulet da Montague. Sa ɗalibi mai murya ya riƙa cike giɓin da Hausa tsakanin fitowa da fitowa saboda iyaye, a kuma gwada sifikar tun ana gobe.